Mai Tari a Faifan Baba

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ƙarshen watan nan, don ni kam kaina ya kulle. Na daɗe ina karanta filinki ina cewa me zai sa ni in rubuto, ga shi yau na zo da maganar da ko aminiyata da na gaya wa sai da ta yi dariya, wai a kan faifan kiɗa nake neman ramewa.

Babana likitan haƙori ne, ya yi ritaya. Tun muna yara abu ɗaya muka san ransa yana so, faya-fayen sidi na kiɗan nan na Turawan da, wanda ake ce wa kilasik. Galibinsa babu mawaƙi, sai goge manya da ƙanana da piyano da kayan busa, su yi ta tafiya kamar ba za su tsaya ba. A asibitinsa shi yake sa wa marasa lafiya wai don hankalinsu ya kwanta, shi ya sa mu 'ya'yansa muka raɗa masa suna kiɗan cire haƙori. Ban taɓa son sa ba, gaskiya. Har gobe in na ji goge sai in ji muƙamuƙina ya yi tsami.

A falonmu akwai kanta tun daga ƙasa har rufi, cike da su. In ya dawo daga aiki sai ya wanke hannu, ya tsaya gabanta, ya bi layi da yatsa, ya zaro ɗaya, ya goge shi da wani kyalle da ko Mama ba ta isa ta taɓa ba, sannan ya zauna ya rufe ido. Lokacin nan ko gidan zai kama da wuta sai dai ki kashe da kanki.

Mama ta rasu shekarun baya. Daga nan ciwon suga ya taɓa masa ido, yanzu haske da inuwa kawai yake bambancewa. Da ya faɗi a banɗaki bara, muka yi shawara da 'yan'uwana ya dawo wurina. Ina so ki sani tun yanzu, mijina mutumin kirki ne. Gidan haya muke a saman bene, ɗakunan 'yan ƙanana, amma shi ya kwashe teburin aikinsa ya bar wa Baba ɗakin, bai jira na roƙe shi ba. Ranar tashi shi da ƙanena suka zuba faya-fayen a kwalaye yadda duk suka shiga, aka ajiye a sito na ƙarƙashin matakala. Babu wanda ya tuna cewa Baba da wurin da kowanne yake a kanta yake gane su, wannan a layin sama ta hagu, wancan kusa da taga.

Sai mijina ya saya masa lasifika mai kyau, ya sa masa manhajar sauraron kiɗa ta intanet a waya, yana biyan kuɗin wata. Ya yi masa albishir cewa duk abin da ke cikin kwalayen nan yana cikin wayar, har da ninkin ba ninki. Ni ma na yi murna, na ce an huta da ƙura.

Matsalar farko gilashin wayar. Yatsan Baba ba ya samun abin kamawa, ya shafa nan ta tsallaka can. Ta biyu, ashe kiɗan nasu kowanne kashi-kashi ne, kuma dole a bi su a jere, ita kuwa manhajar sai ta sa kashi ɗaya ta ɗauko na wani daban ta ɗora. Wannan mijina ya gyara. Sai muka zo kan wanda Baba ya fi so, na wani mai babban goge da ƙungiyar makaɗa a bayansa, wanda yake sawa duk ƙarshen mako. Ya faɗa mana sunan harafi-harafi, muka rubuta, sai ga su sun fito rututu, suna ɗaya, makaɗa daban-daban. Ni a nawa wayon na ce ai duk ɗaya ne, a danna kowanne. Baba ya ɗan saurara ya girgiza kai. Muka yi ta gwadawa har muka samu mai hoton da nake jin na sani tun ƙuruciya. Anti, sai ga Baba ya gyara zama, hannunsa yana motsi a kan gwiwa. Da aka kai wurin da kiɗan yake yin ƙasa sosai har kamar ya ɗauke, na ga ya karkata kai, ya ɗan buɗe baki kamar mai shirin magana. Kiɗan ya wuce. Ya jingina, ya yi wa mijina godiya, ya ce a kashe ya gaji. Tun ranar bai sake neman a sa masa komai ba.

Sai bayan kwanaki na gane. A ɗakin gwajin jini nake aiki. Wani dattijo a layi ya yi tari, na ce masa sannu, kawai sai abin ya faɗo mini a rai. Shi wancan faifan a zauren taro aka ɗauke shi, gaban jama'a, kuma daidai wurin da kiɗan yake yin shiru akwai wani mutum da yake tari. Mama ma ba son kiɗan take ba, amma duk inda take, ko a kicin ko tana guga, da mutumin ya yi tarinsa sai ta ɗaga murya ta yi masa sannu, wani lokaci har ta ce ya nemi ruwan ɗumi ya sha. Baba ya ɓata rai na ƙarya, ya ce mutumin da wataƙila ya daɗe da barin duniya take wa sannu, ita kuma ta ce to a bar shi ya yi ta tari babu mai kula shi? Shekara da shekaru haka suke yi. Ƙanena ya taɓa gaya mini cewa bayan rasuwarta ya ji Baba yana yi wa mutumin sannu da kansa, a hankali. Shi kuma na cikin wayar babu tari. Ko goge shi suka yi don sautin ya fita tas, ko wani ɗaukan ne daban, ban sani ba.

Yanzu mai gidan da muke haya ya ce yana son sitonsa ƙarshen wata. Mijina ya samo wani dillalin tsofaffin kaya da zai kwashe kwalayen gaba ɗaya. Hujjarsa ba ta banza ba ce: babu wuri, yaranmu ma ɗaki ɗaya suke, na'urar sa faifan ta tsufa har bakinta yana maƙalewa, kuma Baba ba ya iya karanta abin da ke jikinsu. Da aka tambayi Baba cewa ya yi mu yi duk abin da ya fi mana sauƙi. Wannan maganar ta fi komai ci mini rai, don na san shi, gani yake ya riga ya ɗora mana nauyi.

Ban gaya wa mijina maganar tarin ba. Ina tsoron ya ga kamar na raina ƙoƙarinsa, ko kuma ya yi dariya, in ya yi dariyar kuwa ban san yadda zan ji ba. Na sauka sito ni kaɗai na buɗe kwali ɗaya don in nemo faifan, na tarar da su ɗaruruwa, rubutun da ban iya karantawa ba, na rufe na zauna kan matakala ina kuka. Shi kuwa Baba yana can ya fuskanci taga, wuni guda. Wani lokaci nakan ce ko ni ce ban son rabuwa da Mama nake fakewa da shi. Anti, in bar su su tafi, ko in tayar da rigima a gidana a kan kwalaye?

'Yar Likita

*

'Yar Likita, na karanta wasiƙarki, kuma ban yi dariya ba. Allah Ya ji ƙan Mama, Ya ƙara wa Baba lafiya. Amsata a taƙaice: kada kwalayen nan su bi dillali a watan nan. Amma babu rigimar da za ki tayar, domin ban ga abokin rigima a gidanki ba.

Bari in fara da mijinki, tunda shi ba ya nan balle ya kare kansa. Yana da gaskiya a abubuwa da yawa. Sauraro ta intanet ba ya cin wuri, ba ya karcewa, kuma zai iya kawo wa Baba makaɗan da bai taɓa samun faifansu ba. Mutumin da ya bar wa surukinsa ɗakinsa, ya saya masa lasifika, ya zauna yana rubuta sunayen Turawa harafi-harafi, ba shi ne za a ɓoye wa magana ba. Kuskurensa ɗaya ne, kuma ke ma kin yi shi: kun ɗauka in suna ya zo ɗaya kiɗan ma ɗaya ne. Ga masu wannan sauraro ba haka ba ne. Kowane ɗauka da ranarsa da zaurensa da mutanen da suka zauna a ciki. Abin da ke manhaja kuwa haya kuke yi, masu ita suna iya sauya shi ko su cire shi ba su sanar da kowa ba. Na cikin kwali na Baba ne, da tarinsa da komai. Sannan ki duba, mutumin da idonsa ya tafi hannunsa ne ya rage masa, ku kuma kun ba shi gilashi mai santsi. Kafin ya dawo gidanki shi yake zaɓar abin da zai ji. Yanzu sai ya roƙi wani, kuma kin san ba zai roƙa ba.

Saboda haka ki gaya wa mijinki labarin mai tarin yau, yadda kika gaya mini, ki fara da godiya. Ina kyautata zaton ba zai yi dariya ba. In ma ya yi, ki bar shi, ai abin da ban dariyarsa, Mama ma don a yi dariya take yi.

Sai ku hau da kwalayen sama. In ɗakin Baba ba zai ɗauke su duka ba, ƙanenki da ya taya cakuɗa su ya ajiye rabi a wurinsa na ɗan lokaci, ya ga ladan aikinsa. Na'urar ku kai wa mai gyara, in ta ƙi ku nemi wata ko ta hannu ce, mai maɓallai na gaske da yatsa zai ji. Ku kafa katako a bangon gadonsa daidai inda hannunsa zai kai yana zaune.

Ki daina neman faifan a ɓoye. Ba za ki gane shi ba, shi kuwa zai gane. Ki riƙa buɗe kwali ɗaya a gabansa in kin samu sarari, ki miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, ki faɗa masa launin hoton, ki karanta haruffan ko da kina kwaɓa su, ya yi ta gyara miki. Shi zai ce wannan ya hau katako, a kuma wane wuri, wancan a bayar. Kada ki yi mamaki in ya saki fiye da rabi da bakinsa. Mutum yakan iya rabuwa da abu in shi ya miƙa, abin da ke ciwo shi ne a kwashe yana zaune. Waɗanda ya saki sai ku kira dillalin, in Baba ya yi marmarinsu wata rana ga manhaja nan, a nan amfaninta yake. Waɗanda ya riƙe kuma mijinki ya kwafe su a kwamfuta, saboda faifai ma yana lalacewa. Kin ga kowa ya samu aikin da ya iya.

Kin tambaya ko ke ce ba ki son rabuwa da Mama. Wataƙila, kuma ban ga laifi a ciki ba. Ku biyu ne kuka yi rashinta, kowa yana kukansa a ɗakinsa don kada ya dami ɗan'uwansa. Zai yiwu ku buɗe kwalayen duka a tarar faifan ya karce ko ya ɓata a hanya, wannan ban iya yi miki alkawari a kansa ba. Ko da hakan ta faru, zaman da za ku yi kuna nema ya fi wunin da yake yi gaban taga.

In kuwa Allah Ya sa an same shi, ga roƙona. Kada ki sa masa ki fita wai ke ba kya son kiɗan cire haƙori. Ki daure ki zauna, ko muƙamuƙin zai yi tsami. In an kai wurin da kiɗan ya yi ƙasa, bawan Allahn nan ya yi tarinsa, kada ki bar Baba ya yi masa sannu shi kaɗai.

Allah Ya sanya albarka a gidanku, Ya saka wa mijinki da alheri. Ki gaishe mini da Baba.