Hajo Ta Ce In Je Da Babur

Litinin, 4 ga Nuwamba
Hajo na Toranke har yanzu, gidan ƙaninta Maiwada. Yaji da furfura a kai! Wai don na ce mata a gaban baƙi ta bar sa baki a labarin rediyo, ba fanninta ba ne. To ƙarya na yi?

Da za ta fita ta nuna babur ɗin da ke zaure. "Da shi ka kawo ni, Malam. In kana so na, ka zo da shi." Ta san rabonsa da tashi tun da aka sallame ni daga aikin duba makarantu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Na wanke kafireta, na zuba mai, na yi ta kik har gwiwa ta kumbura. Na ciro fulogi na ɗora a jikin inji. Babu wuta ko ɗigo.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Sabon fulogi, batirin aro. Na goge kontak da samfefa. Fitila na kamawa, inji shiru. Bakaniken bakin kasuwar Gaya ya ce, "Baba, kira 'yan gwangwan kawai." Ƙasar nan kenan. Abu ya tsufa, a auna shi a kilo.

Shayi da burodi, yau ma.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Zuhra ta bugo daga Kano. "Baba, don Allah ka hau mota. Umma ba ƙarfe take jira ba." Na ce uwarki babur ta ce. Ta ce, "Kai da Umma dai!" ta kashe. 'Yar da na koya wa a, ba, ca.

Juma'a, 15 ga Nuwamba
Bayan masallaci na sauke tanki, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke zuwa kwayil na naɗe da tsumma, ba salatif ba. Shuɗi mai ɗigon fari.

Gefen zanen Hajo ne. Hanyar Ajingi, tana da cikin Zuhra, ruwa ya tare mu, wayar ta goge tana taɓa ƙarfe. Ina ta zagin gwamnati, ita kuwa ta yage zanenta ta miƙo min. Sabo ne ma. Ban tuna abin da na ce mata ba.

Tsumman ya riƙe laima, wayar ta ruɓe a ciki. Ban iya ci gaba ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Na sa sabuwar waya. Wuta shuɗiya, tas! Kik biyu ya tashi, hayaƙi ya cika zaure. Na kashe shi da sauri. In na je da shi ta ce a'a fa?

Talata, 19 ga Nuwamba
Na je. Maiwada ya shimfiɗa tabarma yana dariya: "Yaya Malam, ango ya zo biko!" Hajo ta fito, ta rame. Ta zagaya babur ɗin, ta shafa kujerar baya.

"Ashe yana tashi in an bi shi a hankali."

Na ce waya ce ta ruɓe. Na shiga yi mata bayanin kwayil. Ta bari na gama.

"Ka gaida gida, Malam."

Na dawo ni kaɗai. Babur ɗin bai ko yi tari ba, la'ananne.

Laraba, 20 ga Nuwamba
Ban fita ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba
Tsohon inji ba ya son zama, batir zai mutu. Dole a riƙa motsa shi, hanyar Toranke kuwa ta fi kyau. Na kai goro da man zafin da take shafa wa ƙafa, tunda yana nan ba mai amfani da shi.

Rediyon Maiwada na kunne, ta faɗi ra'ayinta kan kuɗin taki. Akwai gyara a maganar. Na sha kununa.

Ba ta ce za ta dawo ba. Ta dai ce, "Wannan tsumman na aljihunka, kawo in wanke." Na ce sai Talata.