Bargon Audugar da Na Aiko Miki

Zuwa ga ɗiyata Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririnku. Yaya jego? Mu nan Wurno lafiya lau, ana ta cirar albasa.

Dalilin wannan takarda shi ne bargon da na ɗinka na cusa wa auduga. Kada ki kwantar da yaron a kansa, kada kuma ki lulluɓe shi da shi.

Irinsa na ba Saratu, matar ƙanenki. Ranar Talata ta kwantar da ɗanta bisansa, ta tafi girka abincin masu aikin fadama. Da ta dawo ta iske ya kife, hancinsa ya nutse cikin audugar. Allah ya kiyaye, yana numfashi.

Muka kai shi asibiti, na nuna bargon. Malamar asibiti ta ce mini, "Hajiya, mi ya kai jariri kan wannan?" Ta ce a kwantar da shi rigingine bisa shimfiɗa mai tauri, in ana sanyi a ƙara masa riga. Shekara talatin ina koyarwa, ban saba a yi mini gyara ba, amma wannan karon ta fi ni gaskiya.

Ki ajiye bargon sai yaron ya fara tafiya. Ki gaida surukarki, ku sa mu cikin addu'a.

Mahaifiyarki,
Hajiya Balki