Katin Mutum Ɗaya

Fagge, Kano
14 ga Maris, 1956

Zuwa ga Rashidi, hasken idona, inuwar da nake fakewa a zafin bazara, ruwan randar da ke kashe min ƙishi. Ina gaishe ka, amma da zuciya mai tafasa nake rubutun nan!

Ka tuna ranar da ka fara tsayawa a ƙofar gidanmu sayen turaren wuta, ka tsaya har la'asar ba ka zaɓi komai ba? Gwaggona Hajja, wadda ta rene ni, ita ta sa aka shimfiɗa maka tabarma. Wa ya tambaye ka takarda a ranar?

Sai ga katinka na shan shayi, na murnar ƙarin girma da aka yi maka a kamfani. Na kai wa Malam Sammani, mai koya mana boko, ya nuna min kalmar da ke tsakiya, wai "infayit", ya ce gayyata ke nan. Na yi murna kamar an yi ruwan farko! A wurinmu in an gayyaci mace, an gayyaci gidansu. Muka wuni muna suyar nakiya. Hajja ta ɗaura zanen da take ajiyewa don Sallah, ta taka har Sabon Gari da ciwon gwiwarta, mu bakwai a bayanta.

Mai tsaron ƙofa, wani Nwabueze, ya duba katin, ya ƙirga mu da yatsa. Cikin ladabi ya bayyana mana cewa gayyar Turawa sunan da aka rubuta kaɗai take kira, kujera ɗaya, kofi ɗaya. Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Kai fa? Na hango ka ta taga da kwat ɗinka, ka gan mu, ka juya kana gyara wa Bature kujera! Haba Rashidi! Tsohuwar da ta kira ka ɗa ta juya gida da kwanon nakiya a hannu.

Yanzu ta ce kada a ƙara yi mata zancen aurenmu. Ni kuwa, kaicona, ina fushi ina kuma kallon hanya. Ina zan kai wannan zuciya da ta ƙi jin magana?

Ga goro biyu na ƙulle cikin wasiƙar nan. Gayyata ce irin tamu. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka durƙusa gaban Hajja ka ba ta haƙuri. Ka taho da duk wanda ka ga dama, babu mai ƙirga ku a ƙofa. In ka zo, ni taka ce har a rufe ni da ƙasa. In ba ka zo ba, zan ci gaba da son ka, don ban iya dainawa ba, amma tabarmar nan Hajja da kanta za ta naɗe ta.

Taka, ko cikin fushi,
Yakaka Modu