Ƙwayar Kuromiyam da Cikin da Ban Faɗa wa Kowa Ba

Zuwa ga Shugaban gidan rediyon da ke tallan ƙwayar kuromiyam kowace Asabar, a nan Jos.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka. Ni tela ce a unguwar Daɗin Kowa. Mijina direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga kudu zuwa kasuwar Katako, sai ya yi makonni ban sa shi a ido ba. A gidan nan daga ni sai keken ɗinki sai rediyonku. Na san muryoyin ma'aikatanku fiye da na maƙwabtana, har wanda mura ta kama nakan gane. Shi ya sa ƙorafin nan ya yi mini nauyi.

Na ɗaya. Bayan ɓarina na biyu jikina ya buɗe, masu kawo ɗinki suka yi ta ce mini ƙiba ce take hana ciki zama. Ana haka kuka kawo wani mutum da kuke kira Dakta. Ya ce ƙwayarsa tana narkar da kitse, tana daidaita sukari, kuma wai ba magani ba ce, ƙarin abinci ce, ba ta da illa ko kaɗan. Mai gabatar da shirin sai "haka ne" yake ta cewa. Na saya ne don daga bakinku na ji. Na sha tun farkon damina har aka fara haƙar dankali. Kitsen dai yana nan inda na bar shi, ko rigata ɗaya ban rage ba.

Na biyu. Ina cikin shanta na gane ina da ciki. A wurin awo na nuna wa likita kwalbar, ta ce in daina nan take. Ta ce an taɓa gwada irin wannan sinadari a ɗakin bincike, wasu suka ga alamar yana iya lalata ƙwayoyin halittar da yaro ke gada daga iyayensa, wasu kuma ba su ga haka ba, kuma ga mai ciki ba a san isasshen abu a kansa ba. Ta ce in kwantar da hankalina, mai yiwuwa ba komai. Gaskiya ta faɗa mini, amma hankalin ya ƙi kwanciya.

Na uku. Na kira lambar da kuke maimaitawa. Wadda ta ɗauka ta ce Dakta yana mitin, sannan ta tambaye ni kwalba nawa za a kawo mini. Na zo ofishinku da ƙafata, aka ce mini ku lokaci kawai kuke sayarwa, abin da mutum ya faɗa a ciki ba ruwanku. Yallaɓai, ranar da kuke cewa "haka ne" ba ku gaya mana bakin haya ba ne.

Ka san al'adarmu, ba a faɗin ƙaramin ciki sai ya nuna kansa. Mahaifiyata ta rasu. Mijina sau biyu ina yi masa albishir, sau biyu ina ganin yadda ya koma da cikin ya zube, ba zan kira shi yana kan hanya da lodi in haɗa masa murna da fargaba ba. Masu kawo ɗinki kuwa in na faɗa musu yau, gobe unguwa ta ji. Na kashe rediyon don kada in sake jin muryar mutumin nan, sai gidan ya yi tsit. Ina ɗinka kayan sunan 'ya'yan mutane, ina jin tsoro da kaɗaici irin wanda ban taɓa ji ba.

Ban ce ƙwayar ta cutar da abin da ke cikina ba. Ban sani ba, shi ma Daktan naku bai sani ba, amma ya rantse mana. Roƙona shi ne ku dakatar da tallan nan. Ku kawo likitan da ba ya sayar da komai ya bayyana mana da Hausa abin da aka sani da wanda ba a sani ba. Ku kuma faɗa a fili cewa mai ciki da mai neman haihuwa kada su sha sai likita ya amince. Asabar mai zuwa zan kunna rediyon in saurara.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare maka zuriyarka, ya hana ka shiga irin wannan jira. Ban sa sunana ba, ka yi haƙuri. In ka cire likita, kai ne mutum na farko da na gaya wa ina da ciki, kai da ban taɓa ganin fuskarka ba. Ka sa mini shi a addu'a.

Wassalam.

Mai sauraronku daga Daɗin Kowa.