Sanduna Bakwai a Gonar Obadiah

Lahadi, 28 ga Agusta, 1977
Ruwa ya janye. Na gangara gonar mijina Obadiah ta bakin rafi, ban gane ta ba. Masara da gwaza duk sun tafi, sai farin yashi ko'ina. Shekara biyu da rasuwarsa, ita kaɗai ya bar mana, ni da ɗana Rufus. Ban yi kuka a can ba, sai da na iso gida.

Lahadi, 11 ga Satumba
Bayan sujada, malamin gona daga Kafanchan ya ce a haƙa babban rami na kowa da kowa, a riƙa zuba toka, kashin awaki, ciyawa da shara, su ruɓe su zama taki. To, madalla. Sai Kumai ƙanen mijina ya yi zumbur ya miƙe, wai a haƙa a gefen gonata, ta fi kusa da ruwa. Wai! Tun yaushe Kumai ya fara tausayina? Kowa a garin nan ya sani, wanda ya zuba wa gona taki da hannunsa, dattawa sukan bar masa ita ya noma shekara uku. Irin shekara ukun da ba ta ƙarewa. Ni zai yi wa wayo?

Talata, 4 ga Oktoba
Sun cika ramin, sun rufe da ganyen ayaba. Tokata ko cokali ban bayar ba. Da safe na tarar da doguwar sandar gora kafe a tsakiya. Ai haka ake kafa alama in mutum zai ce wuri nasa ne. Na tumɓuke ta na jefa rafi.

Alhamis, 6 ga Oktoba
Wata kuma. Ta bi 'yar'uwarta.

Alhamis, 20 ga Oktoba
Ta biyar. Mun haɗu a hanyar kasuwa, "Matar yaya, ina gajiya?" har da rusunawa. Munafuki. Ubangiji ka gafarta mini, amma munafuki.

Talata, 1 ga Nuwamba
Larai ta zumuntar matan coci ta kama ni da ta bakwai a hannu. Dariya har da riƙe ciki. "Maman Rufus, taɓa gindinta mana." Na taɓa. Zafi kamar daga murhu aka ciro ta. Wai da ita ake auna takin, in ta fara hucewa sai a juya. Saboda ni aka makara sati biyu, ƙasan ramin har ya yi ɗoyi, mutane suka sha wahala. Kunya ta kama ni sosai. Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa.

Amma ban saki jiki da Kumai ba. Ina nan, idona biyu.

Asabar, 8 ga Afrilu, 1978
Ranar rabo. Takin ya fito baƙi wuluk, ba wari ko kaɗan. Aka ce da gonata za a fara, tunda ta fi shan ruwa. Na tsaya a kan iyaka da fartanya, na riga na shirya abin da zan faɗa in Kumai ya taka. Bai taka ba. Sai ya ɗauko kwando ya ajiye a gabana, ya koma ya ɗauko wani, tun hantsi har rana ta take, rigarsa sharkaf. Ni da matan zumunta muka riƙa shigarwa.

Da aka gama ya kira dattijo Zamani. "Baba, ka shaida, hannuna bai zuba kome a gonar nan ba. Ta Rufus ce." Sa'an nan ya rage murya: "Matar yaya, gora ta kusa ƙarewa a bayan gidana. Ki bar mini ta bana."

Ashe ya sani tun ta farko.

Litinin, 10 ga Afrilu
Na kai toka daro biyu ramin baɗi. Ta cika mini madafa ne kawai, ba wani abu ba. Na ga ba wanda ya kafa sanda tukuna, sai na saro ɗaya na kafa.