Shari'ar Injin Tullio

Milano, 3 ga Maris, 1994

Yaya Ermanno,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya ƙafar Mama?

Tullio Iannacone, maƙerin garinmu mai injin matse zaitun, ya rubuto mini. Ya ce manyan kamfanoni uku sun maka shi a kotu, wai ya saci ƙirarsu, sannan sun haɗa baki sun hana kowa sayar masa da ƙarfe. Ya ce fayil ɗinsa ya yi wata takwas a hannunka. Ka san irin wannan shari'ar nake yi shekara goma sha huɗu. Don Allah ka aiko mini in duba. Ban ba shi amsa ba, sai na ji ta bakinka.

Ƙanwarka,
Nives

Isernia, 11 ga Maris

Zuwa ga Lauya Nives Colasanti,

Bayan gaisuwa, Mama lafiya lau. Ƙafar ba ta hana ta zagaya kasuwa tana faɗa wa masu cuku yadda 'yarta ta kayar da wani kamfanin Jamus ba. Jiya sabon mai burodi ya tambaye ni ko ni ne yayan lauya. Na ce masa ni ma lauya ne. Ya ce, "Au, ashe?"

Shekara ashirin da shida ina zaune a ofishin Baba, ina raba rigimar iyakar gona da ta akuyar da ta ci kabejin maƙwabci. A kan teburin nan na koya miki rubuta ƙara. Kika tafi, na zauna, don dole wani ya zauna. Sau ɗaya tak babbar shari'a ta shigo hannuna, ita ma kin miƙo naki. Milano ta rasa masu ƙara ne?

Fayil yana nan inda yake.

Ki huta lafiya,
Lauya E. Colasanti

Milano, 17 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ka, ko da ka ƙi amsawa.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Tullio ya haɗo mini da kwafin amsar da ka rubuta wa kotu. Na karanta ta sau biyu. Yadda ka tono cewa ya baje injinsa a kasuwar baje koli ta birnin Bari shekara biyu kafin kamfanonin su yi rajistar ƙirarsu, ni da ban gano ba, don ban san mutanen da ka tambaya ba. Na ji haushi, gaskiya.

Amma ba ka taɓa maganar haɗa bakin ba ko kaɗan, kuma na san dalili: ba ka san dokar ba, kuma ba za ka tambaye ni ba. Alƙali zai zauna ran shida ga Afrilu. In ba a shigar da wannan ba, ko ka wanke Tullio daga zargin sata, ba zai sami ƙarfe ba, kuma mutum goma sha ɗaya ke ci a maƙerarsa.

Ka zo mu tsaya tare. Kai ka yi bayanin injin, ni in kama kamfanonin.

Maganar Mama kuwa, a kasuwa take yabona. In na kira ta a waya, daga farko har ƙarshe zancenka take yi.

Taka,
Nives

Isernia, 22 ga Maris

Nives,

Ina amsa gaisuwa.

Na je maƙerar Tullio. Na tarar da ma'aikatansa suna karta a kan benci, wuta a kashe. Shi kuwa kofin gahawa kawai ya miƙo mini.

Akwati uku na zuwa miki a jirgin ƙasa na Alhamis. Ban cire ko takarda ɗaya ba.

Ni ba zan zo ba. In na tsaya kusa da ke, alƙali ke zai kalla, ni ma ke zan kalla maimakon in kalli alƙali, Tullio ya sha wuya a banza.

In kin ci shari'ar zan taya ki murna. Sai dai ki ba ni kamar mako biyu in huce tukuna.

Yayanki,
Ermanno