Tsakanin Ƙarfe Biyu

Lahadi, 2 ga Oktoba

Hazem, mai shirya mini faifai, ya tsayar da rana. Ranar 24 ga wata za mu ɗauki "Ƙaramin Kifi" a situdiyonsa. Ita ce waƙar farko a faifan, ita ce kuma sunansa. Shekara huɗu ina yawo da yukulele, 'yar ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu, daga wannan gidan gahawa zuwa wancan a Iskandariyya, sai yanzu zan shiga faifai. Na ce to.

Yana so a buɗe da muryar tsohuwa tana cewa, "Wannan waƙar yayata ce." Duk inda na rera ta nakan fara da cewa kakata, Teta Nafisa, ce ke yi mini ita ina ƙarama. Mutane na son jin haka. Teta ta rasu shekara shida ke nan, saura ƙanwarta Tant Atiyat a garin Rashid. Ranar Juma'a zan je in ɗauko muryarta a waya.

Talata, 4 ga Oktoba

Wasa a unguwar Anfushi, mutum goma sha tara. Wani ya sake tambaya ko jitar ɗana ce na aro. Ba ni da ɗa.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Rashid. Tant ta ƙi sauraron komai sai da na ci shinkafa da kifi faranti biyu. "Dubi wuyanki, Shahinda, kamar na zalɓe. Kiɗan ne ke cinye ki?"

Bayan shayi na ajiye waya a kan tebur, na rera mata yadda na saba, da saurinta, da fiton da nake yi a tsakiya. Rufe ido, ƙaramin kifi, jirgi ya juyo, iska ta kwanta, na ɗora shinkafa, na kunna fitila. Tana kaɗa kai har na gama.

Ta ce, "Masha Allah, da daɗi. Ta wace ce?"

Na ce ta Teta ce mana.

"Wace Teta?"

"Yayarki, Tant. Nafisa."

Ta yi dariya har da tari. "Kalmomin dai nata ne. Amma wannan ta rawa ce, 'yata. Nafisa ba ta taɓa yin wannan ba."

Na roƙe ta ta faɗi jimlar Hazem ko sau ɗaya. Ta ce ƙarya a kan mamaci, ranar Juma'a? Ta tashi tana kwashe farantai, tana ɗan gunguna layin farko ta hanci. Wayar ta kama wannan kaɗai.

Asabar, 8 ga Oktoba

Shekararta tamanin da huɗu. Tsufa ne.

Litinin, 10 ga Oktoba

Ba tsufa ba ne. Na saurari gungunin nan ya fi sau talatin. A kalmar "kifi" muryarta na sauka wani wuri da babu shi a wuyan yukulele. Na danna na uku cikin ƙarafan da ke jere a wuyan, ya yi ƙasa. Na danna na huɗu, ya yi sama. Yana tsakani. Sautin nan ne na waƙar Larabawa da ake kira sika, wadda kowane mai tallan tumatir a unguwarmu ke yi ba tare da ya san sunanta ba.

Yanzu na tuna. Makon da na fara koyon yukulele na nemi sautin ban samu ba, sai na tura shi sama zuwa ƙarfen da ke kusa. Ya yi daɗi, ya yi haske, na ƙara sauri, na ƙara fito. Bayan wata biyu na manta da cewa na taɓa tura wani abu.

Ashe shekara huɗu ina tsayawa gaban mutane ina jingina wa Teta abin da ba nata ba. Abin ya dame ni fiye da yadda na zata.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Na kai yukulelen wurin Usta Milad mai gyaran ud, garayar Larabawa, a unguwar Attarin. Ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar wanda aka miƙa wa kifin jiya.

"Wannan ya gama girma, ko a ba shi madara?"

Na kunna masa muryar Tant. Ya daina wasa, ya ce in sake. Sannan ya ce, "Turawa sun yi wa sauti gidaje goma sha biyu, wanda bai samu ɗaki ba ya kwana a titi. Tsohuwar nan a titi take waƙa."

Zai dasa ƙaramin ƙarfe tsakanin na uku da na huɗu. Jibi in dawo.

Na gaya wa Hazem. Ya ce, "Shahi, don Allah. Mutane waccan suka sani, waccan suke sa wa hotunan jariransu. Wa zai je Rashid ya tambaya?" Ya ce ko maƙwabciyarsa ma za ta iya faɗin jimlar, muryar tsofaffi duk ɗaya ce.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Rashid kuma. Sabon ƙarfen na ƙyalli a cikin tsofaffin kamar haƙorin Makka. Na rera a hankali, na bar fiton.

Tant ta karkata kai. "Kin matso. Ƙasa kaɗan."

Na ce babu ƙasa kaɗan, Tant, ƙarfe ne.

"To ba ita ba ce." Ta tura mini tasar dabino.

Awa ɗaya da rabi a mota zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, saboda kaɗan. A hanya na yi fushi da ita sosai, da Teta ma.

Litinin, 17 ga Oktoba

Usta bai yi mamaki ba. Ya ce shi da na'ura ya auna, na'ura kuwa sikar littafi ta sani. Ta Rashid daban, ta Alƙahira daban, ta kowace tsohuwa daban. "Ƙarfe ba ya jin 'kaɗan', malama. Ko ki bar tsohuwa, ko ki bar ƙarfe."

Na tambaye shi me zai faru in an cire ƙarafan duka. Ya ce wuyan zai zama sumul kamar na ud, yatsa ya je inda ya ga dama. Amma wannan ƙarar mai haske da ake so na dominta ta tafi ke nan, kuma duk abin da hannuna ya haddace a shekara huɗu sai na sake nemansa. Ba ya mayar da su kuma, in na yi nadama in nemi wani.

Na ce ya cire. Sauran waƙoƙin zan yi su da yukulelen aro na situdiyo. Ya sa filaya ya zare na farko ina tsaye, sai na fita na sayi ruwan rake.

Laraba, 19 ga Oktoba

Na karɓo. Sautinsa ya dushe, kamar mai mura. Duk abin da na danna karkatacce. Matar bene na sama ta leƙo ta tambaya ko kyanwa ce ta maƙale.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Ban ma rera ba da farko. Na zauna kusa da Tant a bakin taga, na ɗora yatsa a tsirkiya ina ja a hankali. Sama. Ƙasa. "A'a. A'a. Koma. Kin wuce, ke kam da gaggawa kamar uwarki." Mun fi minti ashirin a haka.

Sai ta kama hannuna. "Nan."

Na fara daga farko, ta shiga tare da ni. Da muka kai "na kunna fitila" na ɗaga hannu, don a nan waƙar ta ƙare. Ita ba ta tsaya ba.

Shinkafa ta huce, fitila ta ƙone, teku ya dawo da katako, ya riƙe mai shi. Rufe ido, ƙaramin kifi, kada ka tambaye ni.

Na ce wannan fa daga ina?

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunana. Ta ce baiti na biyu ne. Nafisa ta yi waƙar ne a makon da jirgin kakana bai dawo ba, uwata na da wata biyar a hannu. Matan unguwa sun yi ta rera ta tare da ita har aka yi arba'in. Daga baya, in yaro ya ƙi barci, takan yi masa baitin farko ta yi shiru. "Wa zai gaya wa jariri sauran?"

Na san kakana a teku ya mutu, kowa a gidanmu ya sani. Ban taɓa haɗa shi da waƙar ba. Ni da nake fito a tsakiyarta, ana tafi.

Tant ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Wannan kam ta Nafisa ce." Wayar na cikin jaka. Ban ce ta maimaita ba.

Litinin, 24 ga Oktoba

Situdiyo. Mun ɗauki waƙoƙi uku da yukulelen aro. Hazem ya ce saura babbar. Na ce ba yau ba. Ya ce sunan faifan fa ke nan, an riga an zana bango. Na ce a sake zane. Ya cire abin sauraren da ke kunnensa ya ajiye a hankali, ya ce, "Wallahi da na sani da maƙwabciyata na kira."

Alhamis, 27 ga Oktoba

Wasan la'asar a Anfushi, mutum wajen talatin, Hazem a baya ya harɗe hannu. Ban sa "Ƙaramin Kifi" a jeri ba. Wasu mata da miji a teburin gaba, da jaririya a kafaɗar uban, suka yi ta kiran sunan waƙar. Matar ta ce da ita 'yarsu ke barci kullum.

Na ajiye na aro na ɗauko nawa. Ban yi jawabin Teta ba. Na rera a hankali, yatsa ya sauka daidai inda Tant ta ce. Mutane sun ɗaga hannu za su yi tafi, ba su sami wurin shiga ba, suka sauke. Mai kawo shayi ya tsaya da tire a hannu.

Na kai "na kunna fitila". Na ja numfashi, bakina a buɗe, baiti na biyu na nan a kan harshe. Jaririyar ta riga ta yi barci, kumatunta a wuyan ubanta.

Na ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin.

Hazem ya tambaye ni daga baya me ya sa muryata ta yi haka a ƙarshe. Na ce masa mura ce.